Kwamfutar ofis a Kano: wutar da take ci ta fi kuɗin sayenta ciwo

Duk mai ofis ko makaranta ko asibitin kuɗi a Kano da ya je Beirut Road sayen kwamfuta, tambayarsa ɗaya ce: nawa? Ba ya tambayar wutar da za ta ci. A da wannan sakaci ba shi da tsada. Amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sannan NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa mafi yawan awannin wuta a rana, naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, lissafin ya canza.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a duba tsarin da masu sana'ar ke kira thin client. Kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, uwar garke, ita ke ɗauke da manhajoji da fayiloli duka. Kowane ma'aikaci kuma allo ne a gabansa, da madannai, da 'yar ƙaramar akwati da ba ta fi tafin hannu biyu ba, aikinta kawai ta nuna masa abin da uwar garken ke yi. Dell da HP da NComputing duk suna ƙera irinta.

A ɗauki ofis mai kujeru 30. Idan kowace kwamfutar tebur tana jan wat 100, ban da allo, wat 3,000 ke nan. A awa takwas an sha yunit 24, wato naira 5,400 a rana a wancan farashin. 'Yar akwatin kuwa wat 10 ya ishe ta. Talatin ɗinsu, haɗe da uwar garke mai jan wat 400, wat 700 ne kacal, naira 1,260 a rana. Wannan ma idan KEDCO ta kawo wuta ke nan. Ranar da aka koma kan janareta, ratar ta fi haka nesa. Abin da ya fi burge ni shi ne wat 700 nauyi ne da sola da batura matsakaita za su ɗauka. Wanda ya tuna duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo mana wuta suka lalace, ya san darajar ofishin da ba ya jiran kowa.

Ga kuma ƙurar hunturu. Kwamfutar tebur fanka ce ke zuƙo mata iska, da ƙurar duka, har ta toshe ta yi zafi ta mutu. Yawancin waɗannan akwatunan ba su da fanka. Mai gyara wuri ɗaya zai zauna ya sabunta manhaja ga kowa, kuma ɓarawon da ya ɗauke akwati bai ɗauki bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai ba.

Sai dai kada dillali ya ruɗe ka da cewa araha ce zalla. Uwar garke tana da tsada, kuma da dala ake shigo da ita. Idan Windows za a yi amfani da shi, Microsoft na karɓar kuɗin lasisi kan kowane mutum ko kowace na'ura da ta haɗu da uwar garken. Ranar da ta tsaya kuwa, ofis gaba ɗaya ya tsaya, don haka dole a tanadi ta biyu, ko aƙalla a riƙa kwafe bayanai kullum. Mai kujeru biyar, ko mai aikin tace bidiyo, ya sayi kwamfutocinsa na gwanjo ya huta.

Masu tallar a ajiye komai a intanet ma ban yarda da su ba tukuna, a garin da netwok ke ɗaukewa ba sallama. A ajiye uwar garken a cikin ginin, a ja waya zuwa kowane tebur. Tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi karɓa, bayan Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ba sai an zubar da su ba: a sa musu Linux mara nauyi, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, su yi aikin akwatin, kafin a samu kuɗin sauya su ɗaya bayan ɗaya.