Kallo muka zo ko ɗaukar hoto?

Ranar Asabar na kwashi ƙannena biyu muka tafi Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, ginin da ke tsaye tun zamanin Muhammadu Rumfa, ƙarni na 15. Niyyata su ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni, su ji yadda Turawa suka ci Kano a 1903.

Ina! Ko zauren farko ba mu wuce ba aka zaro waya. "Yaya, ɗauke ni a nan." "Yaya, sake, na rufe ido." Mai yi mana bayani, dattijo ne mai haƙuri, yana ta zuba tarihi, su kuwa sun juya wa kayan baya suna tura baki gaba. Ba su kaɗai ba fa, wani ƙato ya tokare ƙofa kusan minti goma yana gyara hula, mu muna tsaye kamar masu jiran rabon zakka.

Da yamma muka hau Dutsen Dala, ga birni shimfiɗe har iya ganinka. Abin da ƙaramar ta fara cewa: "Yaya, cajina ya ƙare, mu koma gida."

Ni da na biya kuɗin adaidaita sahu!