Yadda Na Kawo Teku Tudun Wada

Ni dai ban taɓa ganin teku da idona ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Galma na nan Zariya idan ya cika ya batse a watan Agusta, sai dam ɗin Kubanni da muke leƙawa muna samari. Amma wani dare cikin Nuwamba barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya, sai na ci karo da bidiyon wani Bature da ya ajiye akwatin gilashi a falonsa cike da ruwan teku. Ga murjani kala-kala, ga wasu 'yan kifaye ruwan lemo masu farar ɗamara suna kai da komo. Na taɓa Maman Abba na ce, "Tashi ki ga ikon Allah." Ta buɗe ido ɗaya ta duba, ta ce, "Ana cin su?" Na ce ba a ci. Ta ce, "To, Allah Ya ba mu alheri," ta juya ta ja bargo. Da ina jin magana, da a nan zancen ya mutu.

Washegari na nufi Sabon Gari wajen wani mai yanka gilashin taga, na ce ya haɗa mini akwati mai cin lita 60. Ya ce, "Tarwaɗa za ka sa?" Na ce teku zan haɗa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to in biya shi kuɗinsa duka tun yanzu.

Na riga na karanta cewa kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Na yi lissafi, lita 60 za ta ci kilo biyu da 'yan kai. Abu mai sauƙi. Na auno gishiri a kasuwar Tudun Wada, na tare ɗan ga-ruwa ya juye mini jarka uku, na ari muciyar tuwo na dama. Sannan na kira wani abokina da ya karanci ilimin halittu a Samaru ya zo ya sa albarka. Ya tsoma yatsa ya lasa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Mutumina, ai ruwan kurkurar maƙogwaro ka haɗa." Wai gishirin miya bai isa ba. Ruwan teku akwai kalsiyam da magnesiyam da wasu sinadarai a ciki, kuma da kalsiyam ɗin ne murjani ke gina ƙashinsa. Gishirin da ake haɗawa don wannan aiki daban yake, sai an aiko daga Legas, kuma ba a dama shi da ruwan rijiya, sai tataccen ruwa.

Don kada a yi asarar ruwa, na kwashe lita sittin ɗin nan na juye a gindin zogalen Maman Abba. Kwana huɗu ganye ya zube ƙaf. Har yau tana zargin akuyar maƙwabta, ni kuma ina taya ta.

Gishirin gaske ya iso, da farin yashi, da wasu duwatsu masu ramuka, da ɗan famfo mai motsa ruwa, da fitila mai shuɗin haske, da wata na'ura kamar guntun bututu da ake ɗiga mata ruwa a leƙa a ga yawan gishiri. Na haɗa komai, na leƙa, ta nuna 1.025, daidai yadda ake so. Na ce saura kifi. Abokina ya ce in dakata. Kashin kifi yana zama amoniya, ita kuwa guba ce, don haka sai an bar wasu ƙwayoyin halitta sun hayayyafa a jikin duwatsun, su riƙa juya ta zuwa abin da ba ya kisa nan take. Hakan yana cin mako huɗu zuwa shida. Abincinsu kuwa, in jefa ɗan guntun ɗanyen kifi in bar shi ya ruɓe.

Haka na yi mako shida ina kunna wa dutse fitila. Baƙo ya shigo ya zauna, ya ƙura wa akwatin ido minti biyar, kunya ta hana shi tambaya, sai ya ce, "Masha Allah, sun ɓuya ko?" Da dare shuɗin hasken na fita ta taga, har wani maƙwabcina ya tare ni bayan sallar Asuba, ya sassauta murya ya ce idan wani abu ne ke damuna, ya san wani malami.

Ana cikin haka Hajiya ta zo daga cikin birni. Ta ce, "Kai, ina kifin da ake ta faɗa?" Na ce, "Hajiya, tukuna. Yanzu ƙwayoyin cuta nake kiwo." Kalmar da ta zo bakina ke nan. Ta ce, "Cuta? Mutane na kiwon awaki, kai kana kiwon cuta?" Don in gyara, na ce ai murjani zan sa. Nan fuskarta ta saki. Ta ce in dai murjani ne, akwai nata na aure a ƙasan adaka, in zo in ɗauka in bar wahalar da kaina. Na yi mata bayanin cewa murjani dabba ce mai rai, tana ci, tana girma. Ta juya wajen Maman Abba ta ce, "Yana dai cin abinci sosai ko?"

Hunturu ya kankama, iska ta bushe, kullum sai in ga ruwan ya ragu da kusan faɗin yatsa. Ni kuma, da himmata, sai in dama sabon ruwan gishiri in cika. Bayan mako biyu na leƙa na'ura, ta haura 1.030. Na kira abokina a rikice, na sa shi a lasifika. Ya ce ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake, don haka ruwa zalla ake ƙarawa. Daga kicin Maman Abba ta ɗaga murya: "Baban Abba, ko 'yar shekara goma ta san in miya ta kafe ruwa ake ƙara mata, ba gishiri ba." Abokina ya ce in riƙa tuntuɓarta kafin in kira shi.

Cikin Fabrairu direban motar Legas ya kira ni, na same shi a Kwangila. Ya miƙo mini kula, ya nace sai ya ga abin da aka yi ta roƙonsa kada ya bari rana ta taɓa. Na buɗe: kifi biyu, kowanne bai kai babban yatsana ba, da reshen murjani ɗaya mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Alhaji, waɗannan ko romon mara lafiya ba za su yi ba." Kuɗinsu kuwa, rabi na faɗa a gida, rabin ma sai da aka yi salati. Abba ya raɗa musu suna Tanko da Mudi.

Gaskiya wata guda na ji daɗi. In na dawo aiki sai in ja kujera in zauna, Tanko na kora, Mudi na gudu, ni ina jin kamar a bakin teku nake.

Sai Afrilu ya zo. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, Zariya kuwa tana neman 40. Aka ɗauke wuta kwana uku. Famfo ya tsaya, kifaye suka taso sama suna haki. Na tayar da janareto, wanda na sha cewa ba ni da kuɗin mansa idan an roƙe ni a kunna fanka. Na bi gidajen masu sayar da ƙanƙara ina saye ina jefawa cikin ruwan a ƙulle a leda. Da man ya ƙare ƙarfe biyun dare, na ɗauko mafici ina yi wa akwatin fifita, ina kwasar ruwan da moɗa ina zubawa daga sama don iska ta shiga. A haka Maman Abba ta fito ta same ni, daga ni sai gajeren wando, gumi na zuba. Ta tsaya ta ce, "Shekara tara da aure, ko ranar da na haifi Abba ba ka yi mini fifita ba." Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba, na ci gaba da fifita.

Kifayen sun sha. Murjanin ne bai kai labari ba. Akwai wasu 'yan ƙananan tsirrai da ke zaune cikin jikinsa, su ke ba shi launi da yawancin abincinsa, in zafi ya yi yawa sai ya kore su ya koma fari fat. Ranar Juma'a Hajiya ta zo ta gan shi, ta ce, "Yauwa, yanzu ka fara kula da shi, ga shi har ya yi haske." Na ce, "Addu'arki ce, Hajiya."

Yanzu watanni sun ja. Na lura Tanko ya ninka Mudi girma, shi ke fara cin abinci, shi ke da ramin dutse mai kyau, Mudi kuwa in ya matso sai ya karkace yana karkarwa. Na tambayi abokina ko ciwo ne. Ya ce lafiya lau. Irin wannan kifin duk a maza suke tasowa, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, ya riƙe gidan. Wato Tanko mace ce.

Abba ya tambaya ko za a sake masa suna. Na ce a bar shi, mu Zazzagawa dama Kanawa sun daɗe suna mana tsiyar ba mu raba "ya zo" da "ta zo". Maman Abba kuwa, wadda ba ta taɓa zuba musu abinci ba, ta ajiye tsintsiya ta zo ta durƙusa gaban gilashin, ta daɗe tana kallon Tanko. Sannan ta ce, "Baban Abba, nawa ka ce abincinta yake? Kada ka bari ya yanke."