Wai teku ya gudu, a maido musu da kuɗinsu

Kun dai ji sautin nan na minti bakwai da ƙanena ya turo guruf ɗin gida daga Zanzibar, wanda wata mai hannu da ƙaiƙayi ta watsa har ya kai unguwar Shara Mansur ta Makka kafin la'asar. To ni tun jiya nake danne bakina amma abin ya ƙi. Wai an cuce su, otal ya yi musu ƙarya, sun biya kuɗin bakin teku sun tashi da safe babu teku. Ikon Allah. Wato manajan otal ne ya tashi da tsakar dare ya kwashe Tekun Indiya a jarka ya kai sito ya kulle. Har da masu taya shi Allah ya isa a ƙasa, wata gwaggonmu ma cewa ta yi ƙila asiri ne don an ga amarya sabuwa.

Ba wanda ya cuce shi. Otal ya zaɓa bai zaɓi gaɓa ba, shi ke nan maganar.

Na ga bidiyon da amaryar ta ɗauka, kuma wallahi na yi dariya har da hawaye kafin tausayi ya zo. Ta tattare abaya da hannu ɗaya, silifas a ɗaya hannun, tana tafiya cikin jiƙaƙƙen yashi, shi kuma gogan yana biye yana haki yana cewa saura kaɗan, ga wani kwale-kwale can ya kwanta a gefe kamar jakin da ya gaji, ruwan kuwa sai ɗan layi shuɗi can nesa inda igiya ke fashewa. A gefensu wasu mata sun duƙa suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku, mwani suke ce mata, sana'arsu ce, ko ɗago kai ba su yi ba don kullum suna ganin irinsu. Gaɓar Paje kenan, inda otal ɗinsu yake. Haka Jambiani take, haka Matemwe, duk gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, haka yake, ƙasan shimfiɗaɗɗe ne ba zurfi, in ruwa ya janye sai ya yi ɗaruruwan mitoci, bayan wajen awa shida ya dawo har gindin bishiyoyin kwakwa. Sau biyu a yini. Kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 saboda wata yake bi. Abin haushin ma mu da muke rayuwa da kalandar Hijira mun fi kowa sauƙin lissafin, farkon wata da tsakiyar wata, wajen 14 da 15, nan ne ruwa ya fi cika ya fi janyewa. Yaushe ango ya sauka? Ran 13 ga wata. Sai ka ce da gangan.

Na san inda matsalar take. Mu 'yan Jidda mun ɗauka mun san teku. An haife mu muna shan shayi a Kornish, bakin tekun garin, ana kai mu gaɓar Ubhur ran Juma'a, to Bahar Maliya a nan wajenmu da ƙyar yake motsawa, inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da magariba. Madd wa jazr, wato cika da janyewar teku, a littafin makaranta kawai muka san shi. Shi ya sa mutum zai ga hoto a Instagram, ruwa kore shar har bakin gado, ya ce halas, ya zaro kati. Hoton nan gaskiya ne fa, an dai ɗauke shi ne lokacin da ruwa ya cika. Wane mai tuwo ne zai ɗauki hoton ƙanzo ya liƙa a ƙofar shago?

Kuma ban ce ban gaya masa ba. A falona, yana cin tamis da ful ɗina, na ce masa kai yaro in wanka kuke so kowane lokaci ku nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, can ruwan yana da zurfi kusa da gaɓa, janyewarsa ba ta hana shiga, ga faɗuwar rana a gabanka. Mu a Kendwa muka sauka da Abban yara, ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne, fanka har ƙara take, amma taku ashirin kana cikin ruwa safe da yamma. Ya ce Yaya ai wannan da na samu ya fi araha kuma gadon yana da labule, an zuba furanni a kai. Furanni! To ga furanni nan sai a yi iyo a ciki.

Masu ce min ai kamata ya yi otal ya rubuta, ku yi haƙuri, yana rubuce a bakin duk wanda ya taɓa kwana a wurin, ku dai ba ku karanta ra'ayoyin mutane sai ƙirga taurari. Kuma gabashin ba aibu gare shi ba, Turawa jirgi guda suke cikawa su zo Paje saboda iskar wurin, su ɗaura wannan lema mai jan mutum a kan ruwa, masu son shiru da tafiya a yashi su ma can ne nasu. Kowace gaɓa da mutanenta. Kai ne za ka san me ka je yi kafin ka biya.

Masu cewa da Maldibs suka je da ba haka ba, ku ma ku zauna. Wanda bai tambayi gaɓa ba a Zanzibar ba zai tambayi jirgi ba a Maldibs. Can yawancin manyan wuraren hutun kowanne tsibirinsa daban, ka sauka a filin jirgin Velana kusa da Male sai a ce maka saura jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuɗinsa daban kuma ba ya tashi da dare, in ka iso bayan rana ta faɗi sai ka nemi wurin kwana. In ka shiga tsibirin kuma ba bufiya ba bakala, wato ba ɗan shagon abinci ko na kayan masarufi, ruwan sha ma farashin da suka ga dama. Sannan hutunmu na bazara, Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin damina da iskarsu ne. Zanzibar kuwa lokacin rani ne, tasu babbar daminar Maris zuwa Mayu take. Ka ga ko a nan ma wuri da lokaci ne magana, ba labulen gado ba.

Gaskiya dai abin ya taɓa ni. Yaron nan shekara uku yana tuƙi, zafin Jidda ba abin da bai gani ba, yana tara riyal ɗaya bayan ɗaya, ga sabunta igama, wato katin izinin zama, ga bizar fita da dawowa ga hidimar biki har gida Kano. Ko inshorar dole da Zanzibar ta sa wa baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 kowane mutum, riyal 165 kenan, sai da ya kira ni yana lissafi. Kwana shida kacal ya samu. Irinmu ba ma zuwa irin wuraren nan duk shekara, wani sau ɗaya ne a rayuwa, shi ya sa nake jin zafi in ga an kashe kuɗin gumi a kan hoto. Tambaya uku ce fa, otal ɗin yana wane ɓangaren tsibiri, ruwa yana janyewa a nan, kuma tsakanin ɗakina da yashi akwai titi ko wani gini? Don bakin teku daban, hango teku daga taga daban, wannan ma wani karatun ne da mutanenmu ke faɗuwa.

Na dai tura masa saƙo na ce ya bar zagin bayin Allah, ya tambayi na kan kantar otal jadawalin ruwa, ya sayi takalmin roba saboda baƙaƙen ƙayoyin nan masu kama da bushiya da ke kwance cikin duwatsu, in kuma ya matsu ya ɗauki tasi wuni ɗaya zuwa Nungwi. Ya karanta bai amsa ba, fushi ake da ni.

Af, tunda kana karanta wannan a ɓoye, kanumfarin da na ce ka sayo min a kasuwar Darajani kar ka sake ka manta, kilo guda na ce, da kirfa. Na Bab Makka da na saya watan jiya ko ƙamshi babu, na zuba a kunun aya yara suka ce wai me ya faɗa ciki. Kuma akwatina mai taya huɗu aro na ba ka, in ga yashi a ciki mu haɗu.