Don Allah kada a shafa wa zauren nan siminti

Na ji matasan garinmu a nan ƙasar Ringim sun fara karo-karo, za a shafe tsohon zauren gidan dagaci da siminti a ɗora masa kwano. Niyyarku mai kyau ce, 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Amma wallahi in aka yi haka an kashe ginin.

Ku shiga ciki ku ɗaga kai. Bakan gizo ne, wato lanƙwasassun bakunan laka masu riƙe rufi, suka taso daga bango huɗu suka haɗe a tsakiya, babu ginshiƙi ko ɗaya. Azarar giginya gajera ce, ba ta iya ratsa ɗaki mai faɗi haka, sai magini ya riƙa jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ya ɗaure da igiya ya lulluɓe da laka, har bakan ya rufe. Giginya kuma gara ba ta cin ta. Bangon tubali ne, mulmulen hannu, mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama inda zankwaye suke. Shi ya sa da rana tsaka a watan Afrilu dattawa can suke gudu, su bar shagunan bulo suna tafasa. Irin wannan fasahar ce a Gidan Makama a Kano, ita ce kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ita wajejen 1830. Baƙi har daga Turai suke zuwa kallo, mu namu yana bakin kasuwa muna jin kunyarsa.

Bangon ƙasa in ya sha ruwa, rana na fitowa sai ya bushe. Siminti ba ya kama shi. Da ya tsage, ruwa ya shige bayansa ya rasa hanyar fita, tubali ya yi ta jiƙa a ɓoye, ran nan sai ɓawon ya ɓamɓaro da rabin bango. Kowa ya ga haka a katangun unguwarmu.

Abin da zauren yake nema yaɓe ne da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, a gyara rufin da laso, shafen nan na katsin marina mai hana ruwa shiga, a sauya indararon da ya karye ta gabas, don ta nan ruwa yake zubowa jikin bango. Tsofaffin maginan da suka san haɗin nan ba su ƙare ba, sai dai babu mai kiransu aiki. Kuɗin da kuka tara ya isa a kira su kafin damina ta sauka, kuma a haɗa su da samari biyu ko uku su riƙa miƙa musu laka suna ganin yadda ake yi.