John Ɗan John, Jikan John

Karatun haƙar ma'adinai ne ya kai ni Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, domin ni mutumin Jos ne, kuma tun ina yaro nake jin dattawan da suka yi aikin kuza suna ambaton makarantar Camborne, wadda aka kafa a 1888, yanzu kuma take zaune a garin Penryn. Na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwar Baturiya da nake kira Mama. Wata rana wayarta ta daina ƙara, na taɓa wani ɗan maɓalli a gefe ta dawo daidai, daga nan Mama ta yanke hukuncin cewa babu abin da ya gagare ni a harkar kwamfuta, kuma tunda haka ne, ni ne zan gano mata asalin danginta.

Abin da ta ba ni in fara aiki da shi bai taka kara ya karya ba. Kakan kakarta sunansa John, mahaƙin tagulla ne a gundumar Gwennap kusa da Redruth, kuma wasu daga cikin 'ya'yansa sun tafi Ostireliya bayan da farashin tagulla ya karye a 1866. Wannan labarin kusan kowane gida ne a yankin, domin mahaƙan Cornwall sun bazu har Moonta a kudancin Ostireliya, da Grass Valley a Amurka, da Real del Monte a Meziko, da ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, har ana cewa duk inda aka haƙa rami a duniya, idan ka leƙa za ka tarar da ɗan Cornwall a ƙasansa. Amma Mama tana da yaƙinin cewa nata John ɗin ba kamar sauran ba ne, jinin manya ne da zamani ya juya wa baya, aikina kawai shi ne in samo takardar da za ta tabbatar da haka. Ba zan faɗi sunan dangin ba, ya isa a ce yana cikin sunayen da suka fi yawa a duk faɗin Cornwall.

Na fara da ƙidayar jama'a ta 1841, na sami John a Gwennap an rubuta masa shekara 25, na yi murna, sai daga baya aka fahimtar da ni cewa a wannan ƙidayar an umarci ma'aikata su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, saboda haka mai 29 ma 25 za a rubuta masa. Ƙidayar 1851 ta fi ta kirki, domin ita ce ta fara tambayar garin da aka haifi mutum, kuma a gaban sunan John an rubuta St Just. Da na shiga rumbun da masu aikin sa kai suka tara bayanan gundumomin Cornwall a intanet, sai na ga sunan yana ɗauke da wata 'yar wutsiya, wato St Just in Roseland. Na juya kwamfutar na nuna wa Mama, ta gyara tabarau, fuskarta ta washe, ta ce, "Nan ne, ɗana, ga shi can tsallaken ruwa, wuri ne mai kyau ƙwarai." Ni kuwa sabon zuwa ne, idan mai gari ta ce nan ne, ai magana ta ƙare.

A Ingila gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai ranar 1 ga Yuli, 1837. Wanda aka haifa kafin nan sai a neme shi a kundin cocin gundumarsa, domin tun 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, Thomas Cromwell ya ba da umarnin kowane limamin coci ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Cornwall tana da irin waɗannan gundumomi fiye da 200, kuma kundayensu suna ajiye a Kresen Kernow da ke Redruth, wata ma'adanar tarihi da aka buɗe a 2019 a cikin ginin tsohon kamfanin giya. Nan ne karo na farko a rayuwata da na shiga gidan giya, ban sha komai ba, amma na fito kaina yana juyawa. Ana ajiye jaka da biro a akwati mai makulli, a shiga da fensir kawai, sannan a zauna gaban na'ura ana duba hotunan shafukan da limamai suka cika da hannunsu, wasu da rubutu mai tsabta, wasu kuma da alama suna sauri ne abincin rana bai huce ba. A tsohon rubutun nan harafin s dogo ne, yana kama da f, sunan dangi ɗaya kuma ana iya rubuta shi iri uku a shafi guda, tunda mai sunan bai iya karatu ba balle ya gyara wa limami.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da matsalar John. Daga 1813 aka fara amfani da fom bugagge mai gurbin sana'ar uba da unguwarsa, amma kafin nan limami yakan rubuta kwanan wata ne kawai da John ɗan John, ya ajiye alƙalami. Uban John sunansa John, ƙanen uban ma ya haifi John, kuma idan yaro ya rasu, al'adarsu ce a mayar wa na bayansa sunan. A gida idan Muhammadu suka yi yawa a zaure ɗaya, ana raba su da Ɗanjuma da Bala da Tanko, amma limamin coci ba ya rubuta laƙabi, shi dai ya san waɗanda yake nufi, kuma ya tafi kabari da saninsa. Na sami wani John a Roseland da ya faɗo cikin tazarar shekarun da nake nema, gab da zuwan fom ɗin, don haka babu maganar sana'ar ubansa, na ɗauke shi na ci gaba da hawa sama daga uba zuwa kaka.

Da na kai wajen shekarun 1780, sai na ga harafin P a gefen sunan uban John. Ma'aikaciyar wurin ta bayyana mini cewa daga 1783 zuwa 1794 gwamnati ta sa harajin kwabo uku a kan kowane suna da aka shigar a kundi, amma an yafe wa matalauta, kuma wannan harafin shi ne alamar matalauci. Ta ƙara da cewa limamai masu tausayi sukan sa wa mutane alamar ko da ba su kai ga bara ba. Na kai wa Mama labari a hankali, domin na san jinin manya take jira. Ta yi shiru, ta kurɓi shayi, sannan ta ce lallai kakanta mai wayo ne, ya ƙi biyan haraji, kuma wannan halin manya ne tun fil azal.

Wanda ya kusa raba ni da ɗakina shi ne na shekarun 1740. Kundin ya nuna an ɗaura auren wasu kakanninta a watan Mayu, an kuma yi wa ɗansu na fari baftisma a watan Fabrairu na shekarar da ke ɗauke da lamba ɗaya, wato a lissafina yaron ya riga ɗaurin aure zuwa da wata uku. Na faɗa wa Mama haka cikin ladabi, ita kuwa ta ɗauke farantin biskit daga gabana, ta ce a zuriyarsu ba a taɓa jin irin wannan ba, kuma ta fara shakkar ilimin kwamfutar nawa. Sai da na koma Redruth aka warware mini cewa kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka Fabrairu yana zuwa ne a ƙarshen shekara, bayan Mayu da wata tara cif. A wannan shekarar ta 1752 ce ma aka tsallake kwana 11, mutane suka kwanta ranar 2 ga Satumba suka wayi gari 14 ga wata. Mutuncin amarya ya dawo, biskit ma ya dawo, ni kuwa don farin ciki na ɗora salsalar gaba ɗaya a wani shafin masu neman asali, domin duniya ta amfana.

Ranar wata Asabar Mama ta sayi furanni masu tsada, ta miƙa mini makullin motarta, muka tsallaka kogin Fal a jirgin fito na King Harry mai tafiya a kan sarƙa, muka bi 'yan siraran hanyoyin nan masu katangar dutse hagu da dama, inda duk wanda ya haɗu da tarakta shi ne zai koma da baya. Cocin St Just in Roseland yana bakin ruwa, maƙabartarsa kuma lambu ce mai itatuwan ƙasashe masu zafi, ta yadda mutum zai ce an fi kula da matattu a nan fiye da masu rai a wani wurin. Muka sami dutsen kabarin uban John, baƙin dutse mai santsi, rubutunsa raɗau. Mama ta ce in duba da kyau, wane matalauci ne ake sassaƙa wa irin wannan dutse? Ta ajiye furanni, ta share hawaye, ta gabatar da ni ga mamacin a matsayin ɗanta daga Najeriya wanda ya sada zumunci.

Wani dattijo mai gyaran lambu ya matso ya gaishe mu, ya tambayi abin da kakan namu yake yi a duniya. Mama ta ce mahaƙi ne. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Baiwar Allah, mutanen nan masunta ne da manoma. St Just ta mahaƙa tana can yamma, bayan Penzance." Na ce, "Baba, ai mutum yana iya barin kamun kifi ya koma rami." Ya ce haka ne, samari, sannan ya durƙusa ya yaye ciyawar da ta rufe gindin dutsen, sai ga wani layin rubutu a ƙasa, wanda ya ce a nan kuma aka binne ɗansu John, wanda ya rasu yana ɗan shekara uku. Na kawo hujjar cewa wataƙila sun mayar wa ƙanensa sunan, na zaro takarduna na duba, sai na ga duk waɗanda suka biyo bayansa mata ne.

Mama ta daɗe tana kallon dutsen, sannan ta sunkuya ta ɗauke furanninta. A cikin mota na tambaye ta ko ta san cewa St Just biyu ne a Cornwall. Ta ce ta sani mana, kowa ya sani, amma ban tambaye ta ba, kuma dai wannan ta fi kyau.

Muka miƙa zuwa St Just in Penwith, gari na ƙarshe a yammacin Ingila, inda gidajen dutse suke tsugune saboda iska, ga kangayen injinan mahaƙar Botallack a liƙe jikin dutse a saman teku, ga mahaƙar Levant da aka haƙa har ƙarƙashin ruwa. Iska ta kwashe rabin furannin kafin mu kai ƙofar maƙabarta. Da na duba kundin wannan gundumar daga baya, Johnonin da suka dace da shekarun sun fi na Roseland yawa nesa ba kusa ba, kuma a nan akwai wata sabuwar fitina, domin tun zuwan mai wa'azi John Wesley Cornwall a 1743 mahaƙa suka rungumi ɗariƙarsa ta Metodis, wasu suna kai jariransu majami'arsu maimakon cocin gunduma. Dokar aure ta 1753 ta tilasta musu ɗaura aure a cocin gunduma har zuwa 1837, don haka kana iya samun ango da amarya sun dangwala alamar X a madadin sa hannu, amma 'ya'yansu su ɓace daga kundin ɗungurungum. Har yanzu ainihin John ɗin Mama yana cikin wannan taron, bai ɗaga hannu ba.

Na koma shafin na goge salsalar, na rubuta bayanin dalili. Ba a jima ba wani dattijo daga birnin Adelaide na Ostireliya, jikan jikan John na Gwennap, ya aiko mini da wasiƙa mai zafi cewa in daina rikita mutane, asalinsu Roseland ne, kuma akwai salsala uku a intanet da suka yi ittifaƙi a kan haka. Ya haɗo da hoton hujjarsa, na buɗe na ga aikina ne, har da wurin da yatsana ya zame na rubuta Fabrairu ba daidai ba. Na aika masa hoton gindin dutsen, ya amsa cewa bai yarda da hoton waya ba, zai zo da iyalinsa lokacin bazara ya gani da idonsa. Mama ta riga ta gaya masa cewa akwai ɗaki a gidanta, kuma ɗanta ya san hanya, shi zai tuƙa su. Ta kuma ja mini kunne cewa idan mun isa, kada in kuskura in taɓa ciyawar da ke gindin dutsen.