Feftayid ɗin Kifin Teku: Kwalbar Gwaji Ba Cikin Mutum Ba Ce

A masana'antar sarrafa kifi, abin da ake warewa gefe, wato kai da fata da ƙashi da kayan ciki, yakan kai kashi 70 cikin ɗari na kifin, in ji hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin wannan tarkacen masu bincike suke tono. Sukan zuba masa enzayim, wato sinadaran da ke narkar da furotin, irin su Alcalase ko fefsin, su daddatsa furotin ɗinsa zuwa gutsattsari da ake kira feftayid, galibi masu amino asid (tubalan da ke gina furotin) 2 zuwa 20. Wasu daga ciki, musamman masu amino asid ɗin histidin da tirosin, suna kama ƙwayoyin oksijin masu ɓarna kafin su lalata kitse ko ƙwayar halitta. An ciro irinsu daga tuna da makarel da kifin hoki, kuma masana a Jami'ar Pukyong da ke Busan a Koriya ta Kudu sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kai.

Aiki ne mai kyau. Inda nake ja da baya shi ne gaggawar da ake yi a ɗora masa sunan magani.

Yawancin sakamakon da ake yayatawa daga gwajin kwalba ya fito, irin su DPPH da ORAC, inda ake auna yadda launi ko hasken wani ruwa ke sauyawa don sanin ƙarfin abu wajen kama waɗancan ƙwayoyin oksijin. Cikin mutum kuwa yana da nasa enzayim, kuma aikinsu ke nan su ƙara datse feftayid ɗin. Hanji ya fi karɓar masu amino asid biyu ko uku, don haka abin da ya yi bajinta a kwalba ba lallai ya isa jini yadda yake ba. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sauke jadawalinta na ORAC daga intanet, domin 'yan kasuwa sun mayar da lambobin abin talla alhali ba su nuna amfani ga lafiyar mutum ba.

An ma taɓa cin tuwon wannan darasi da zafi. A 1994 aka fitar da sakamakon gwajin beta-karotin, wani sinadarin karas da shi ma ke kama ƙwayoyin oksijin masu ɓarna, a kan maza masu shan sigari kusan 29,000 a Finland. Ana sa ran kariya, sai kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha beta-karotin ɗin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A ganina ribar da ke kusa tana wajen adana abinci. Man kifi da nama mai kitse suna saurin canza wari da ɗanɗano idan iska ta taɓa su, kuma sinadarin BHA da ake tare wannan da shi yana cikin jerin abubuwan da hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta ce mai yiwuwa su jawo cutar kansa. A nan feftayid ba ya bukatar tsallake hanji, a cikin abincin zai yi aikinsa, kuma auna shi ba wuya. Cikas ɗin da ya rage na baki ne da na aljihu: narkakken furotin ɗin kifi yakan zo da ɗaci da ƙarni, tace shi kuma har a ware feftayid guda ɗaya yana cin kuɗin da ƙaramar masana'anta ba za ta iya ɗauka ba.