"Ai da ƙafarsa ya zo mana gaisuwa"

Ana saura mako biyu a yi zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha na 2023, na kira kawuna da ke Fagge. Muna cikin hira na tambaye shi wa zai ba ƙuri'arsa a ɗan majalisa. Bai yi wata-wata ba ya faɗi suna. Na ce, "Kawu, me mutumin nan ya tsinana muku?" Sai ya ɗan yi shiru, irin shirun da ake yi wa yaron da ya daɗe a Turai. "Kai ɗan nan, ranar da Hajiya ta rasu da ƙafarsa ya zo. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, bai tashi ba sai da aka shafa fatiha sau uku."

Na ajiye waya ina ƙunƙuni, ina ganin wannan cutar tamu ce mu kaɗai. Wata tsohuwa maƙwabciyata a nan Manchesta ce ta sauke mini girman kai. Mijinta ya rasu a 2020 lokacin kullen korona, mutum ƙalilan doka ta bari suka raka shi. Daga baya sai ta fito fili cewa a daidai wannan lokaci ana ta shagulgula a gidan Firaminista, har 'yan sanda suka ci Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, tara a 2022. Matar nan tun tana budurwa jam'iyyarsa take zaɓa. A zaɓen ranar 4 ga Yuli 2024 ta juya musu baya, kuma ba ta kawo mini maganar haraji ko asibiti ba. Cewa ta yi wanda ya kafa doka ya taka ta, ya kuma musa, ba ya sake ganin ƙuri'arta.

Ashe ita da kawuna a zaman makoki suka yanke hukunci. Hali suke aunawa su duka, mudun ne ya bambanta. Ita tana duban yadda mutum ya riƙe abin da ya shafi kowa. Kawu yana duban yadda mutum ya riƙe shi, shi da gidansa.

Ba haka Kano ta faro ba. Malam Aminu Kano bai saye talakawa da atamfa ba. Tun daga jam'iyyarsa ta NEPU a 1950 har PRP da ta ci jihar a 1979, abin da ya ja mutane shi ne sun ga mutumin da bai tara ba. Duk wanda ya taɓa shiga gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mambayya, ya san me nake nufi. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau, tsohon malamin makaranta, ya kayar da gwamna mai ci Rabi'u Musa Kwankwaso, kuma kalmar "Malam" ɗin nan ta yi masa aikin da buhunan kuɗi ba za su yi ba. A 2015 Kano ta ba Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.9, akasari a kan laƙabi guda: Mai Gaskiya. Nawa ne a cikinmu suka tambayi me zai yi da farashin masara? Ni dai ban tambaya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne muna son abu biyu da ba sa zama a tukunya ɗaya. Muna son ɗan takara ya zama mai gaskiya, muna kuma son hannunsa a sake. Ya biya kuɗin asibiti, ya ɗauki nauyin suna, ya aiko da kayan azumi, ƙofar gidansa kullum cike. Idan ya hana, sai a ce marowaci ne, ba ya mutane, ya ci shi kaɗai. To da albashin wa zai yi duk wannan? Kowa ya san daga inda kuɗin ke fitowa, amma sai a kau da kai, tun da rabonmu ya iso.

Ban ce Turawa sun fi mu hankali ba. Su ma suna ruɗuwa da mai daɗin baki, ai Johnson ɗin da barkwanci ya ci su a 2019. Sai dai tsohuwar nan idan ta kwanta ciwo ba ta buƙatar lambar wayar ɗan majalisa, asibiti zai karɓe ta ko ba ta san kowa ba. Kawu kuwa ya san ranar da ta ɓaci, wanda ya san fuskarsa shi ne madogararsa. Shi ya sa na daina yi masa tsiya.

Da azumin bana na sake kiransa, na tambayi kwatar layinsu da ke ambaliya duk damina. Ya ce tana nan yadda na bar ta. "Amma Honarabul ya aiko da gero da sukari. Ya ma tambaye ka."